Gishirin Fata

Da la'asar mata masu zuwa ɗiban ruwa suka tsinci Sale bajemi kwance a gindin wata tsamiya, tsakanin rumfar fata da ƙofar garin Wurno. Ya yi amai har ya gaji, ya tattara gwiwoyinsa a ƙirji, rai ya yi halinsa. Babu sara a jikinsa, babu suka, babu cizon maciji. Kafin a kawo makara gari ya riga ya yanke hukunci: guba aka ba shi, kuma an san wadda ta ba shi.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin babban yaƙinsu na biyu, lokacin da fatar jar akuyarmu ta yi suna har bayan teku. Wani kamfani ya kafa rumfa a bayan gari yana sayen ɗanyar fata. Ba a jeme ta a nan. Tsoma ta ake yi a wani ramin siminti cike da ruwan magani don kada ƙwaro ya ci ta a hanya, a shanya, a ɗaure, a ɗora wa raƙuma. Majeman garin su aka ɗauka aikin, don babu wanda ya san fata kamarsu. Sale shi ne mai haɗa ruwan.

Wadda aka zarga sunanta Zinariya, mai sayar da fura a ƙofar rumfar, mutuniyar Rabah. Baƙuwa ce, kuma bakinta ba shi da linzami. An daɗe ana jin Sale yana ƙorafi cewa furarta tana bar masa ɗanɗanon ƙarfe a baki. Da hantsin ranar ya sake faɗa, ita kuwa ta dangwara masa ƙwarya a gaban mutane ta ce, "Sha ka mutu, in huta da bakinka!" Ya sha. Bai kai magariba ba.

Mutane ba su tsaya tambaya ba, don tambaya aiki ce, zargi kuwa kyauta ne. Suka jawo ta ta tsakiyar kasuwa, ana ature, har gidan Uban Ƙasa. Aka sa mata mari a ƙafa. Aka ce ran kasuwar Achida dogarai za su wuce da ita Sakkwato, kuma kowa ya san abin da ke jiran wanda ya yi kisa.

Uban Ƙasa yana da mai bin sawu, Attahiru. Dogo ne, mai taƙama da gadonsa, kuma taƙamar ta halatta. Ubansa ya bi sawun raƙuman sata har cikin Adar, shi kuma bai taɓa komowa gida ya ce ƙasa ta ɓace masa ba. Ya isa kafin a yi wa gawar wanka, ya durƙusa ya duba. Tafin hannun Sale ya yi kauri kamar ƙirgi. Faratansa duk fararen layuka. Ƙirjinsa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, tafin ƙafarsa ya tsattsage. Bakinsa kuma yana warin tafarnuwa.

Daga nan ya bi sawun mamacin da baya. Sale shi kaɗai ya taho daga rumfa, babu wanda ya raka shi, babu wanda ya tare shi. Abu ɗaya ya tsaya wa Attahiru a rai. Mutumin ba da tafin ƙafa yake takawa ba, da gefen ƙafa yake tafiya, kamar mai ratsa ƙasar da rana ta gasa.

Ya sami Zinariya a zauren baya, ƙafafunta a mari, kanta a ɗage.

"Gwaggo, mi kika zuba mai?"

"Gero da nono da citta. In citta na kisa, da Wurno ta ƙare tuni."

"Kin ce mai shi sha shi mutu."

"Na ce! Na ce ma Sarkin Pawa hakanan bara, ga shi nan shina ta ƙiba awa tulu. Kai Attahiru, da bakina na kisa, ai da kai ma ba ka tsaye nan."

Attahiru bai yi dariya ba. Ya ce, "Daga ƙwarya guda kika ɗebo ma kowa?"

"Guda. Masu awon hatsi sun sha, maƙera sun sha, ladan ya sha." Muryarta ta sauka. "Yaron nan abokin tsiyata na. In bai zage ni da sahe ba, ranar ba ni jin daɗin ciniki. Ni in kashe shi?"

Hauwa'u matar mamacin ta yi magana da shi ta bayan asabari.

"Shina cin tafarnuwa?" in ji Attahiru.

"Ko warinta ba shi so. Amma tun damina numfashinai tafarnuwa, zufatai tafarnuwa. Na ɗauka ko wani magani na anka ba shi. Ciki kullum shina murɗa, ƙafafu shi ce awa an zuba mai barkono. In na ce shi huta, sai shi ce wa zai haɗa ma su ruwa."

"Shina da abokin gaba?"

Ta ce, "Sun yi cacar baki da Lauwali, abokin aikinai, kwanan baya. Kuma an ce tun da anka ɗauko gawa ba a ga Lauwali ba."

Wakilin kamfani a rumfar shi ne Zayyanu. Ɗan gari ne, ɗan majema, ubansa ya tsufa a bakin kwatarniyar jima. Shi dai ya bar wuƙar kankara ya kama dillanci, ya iya gaisuwa da Baturen fata, ya sayi takalmi sau-ciki mai ƙusoshi. Ya tarbi Attahiru a inuwar sikeli, ya miƙa masa goro.

"Allah shi ji ƙan Sale. Ƙanena na, tare munka tashi. Matar nan kuwa na daɗe ina hango ta."

"Mi a cikin ramin can?"

"Gishirin hwata. Gishiri na kawai na Turawa, ƙwaro ba shi son shi. Ba ka ga yara na ta wanka da shi ba?"

Gaskiya ne. Maza suna tsaye cikin ramin, ruwa har gwiwa, suna danna fata da hannu.

"In ba matar ba ce," in ji Zayyanu, ya rage murya, "to ka nemi Lauwali. Mai gaskiya ba shi gudu."

Washegari Attahiru ya ɗauki sawun Lauwali daga ƙofar gidansu. Sawun ya bi fadama, ya ratsa gonakin albasa, ya nufi gabas wajen Goronyo. Bin sa bai yi wuya ba, don mai shi yana yawan zama. Ko'ina aka sami inuwa, ga gurbin zamansa. Ba haka mai gudun laifi yake tafiya ba. Da suka hau wani tudun yashi inda ƙasa ke riƙe sawu sosai, Attahiru ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da ba don ya ga an binne Sale da idonsa ba, da sai ya rantse Sale yake bi. Gefen ƙafa ne, yatsu a ɗage, taku gajere.

Ya same shi a Rimawa, gidan uwarsa, kwance a tabarma, an shafe masa ƙafafu da man shanu.

"Kawu, in kama ni ka zo yi, sai dai ka goya ni," in ji Lauwali.

"Mi ya haɗa ka da Sale?"

"Ramin. Na ce ƙafafuna sun ƙi, in koma wajen shanya. Yac ce ragwanci na. Na ce mai jikan kuturu. Ke nan."

"To mi ya kore ka?"

Lauwali ya buɗe hannuwansa. Kauri iri ɗaya, fararen layuka iri ɗaya, gyambo tsakanin yatsu. "Duba. Abin da ya ci shi shina cina. Ni ma hurarta nika sha. Na ce in mutuwa ta, gara ta iske ni gaban Inna."

Attahiru ya sunkuya ya shaƙi numfashinsa. Tafarnuwa.

A hanyar komowa ya yi ta juya maganar. Ya san takun ladan, ya san na maƙera da na masu awon hatsi, duk masu shan furar Zinariya ne, kuma dukansu da cikakken tafi suke taka ƙasa. Ciwon bai bi ƙwaryar fura ba. Wani wuri ya bi.

Ya koma rumfar da sassafe, kafin ma'aikata su zo su tattake wurin. Ƙasar bakin ramin kullum a jiƙe take, laka ce mai riƙe labari. Sawun masu shiga ramin duk iri ɗaya ne, wani ya fi wani lalacewa. A kusurwar gabas ya ga gurbin gwiwoyi biyu da suka lotsa ƙasa saboda yawan durƙuso, ga gurbin hannun hagu an dafa. Gefen dama kuma akwai wani farin tabo inda aka saba tofar da yawu. Tururuwa sun kewaye tabon, duk matattu.

Ya je ya ɗauko Baba Mu'azu, Sarkin Majema, tsoho mai sanda wanda ya ƙi aikin kamfani tun farko. Ya durƙusa ya nuna masa wurin.

"Baba, mi mutum ka yi nan a durƙushe?"

Tsohon ya duba, ya sake dubawa. 

"Ɗanɗanawa," in ji shi. "Wayyo Sale. Ni na koya mai. Bajemi ba shi sa hwata cikin ruwan bagaruwa sai ya kai shi ga harshe. In baurin ya kama baki, ruwa ya yi. In bai kama ba, a ƙara. Haka kakanninmu sunka yi, haka munka yi. Yaro mai kula da aiki na, ba shi yarda shi tsoma hwatar mutane cikin ruwan da bai ji ba."

"Ruwan ramin ga shina da bauri?"

"An ce ba shi da. Shi ya sa zai ta ƙarawa shina kurɓa, shina neman abin da babu."

Attahiru bai tashi ba. Idonsa ya koma kan wani sawu dabam, mai ƙusoshi. Ya bi shi da kallo daga inuwar sikeli har ƙofar ɗakin ajiya, ya bi na jiya, ya bi na shekaranjiya da rana ta busar. Sa'an nan ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa.

"Baba, je ka gida. In an yi kira ka zo da ludayi."

Ana gobe kasuwar Achida, Attahiru ya roƙi Uban Ƙasa ya yi zaman a rumfar fata maimakon ƙofar fada. Aka shimfiɗa masa buzu a inuwar sikeli. Aka kawo Zinariya da marinta. Aka kawo Lauwali a kan jaki. Majema suka tsaya gefe guda, Zayyanu yana kusa da Uban Ƙasa yana yi masa fifita. Rabin gari ya zo, don mutanen da suka yi ature ba sa son a yi hukunci ba su.

Attahiru ya sa aka share filin tas, aka yayyafa ruwa. Ya ce ladan da maƙeri su ratsa. Suka ratsa. Ya ce masu shiga rami su ratsa kusa da su. Suka ratsa. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

"Ranka shi daɗe, waɗanga biyu hurar matar nan suka sha kullum, ga sawunsu lafiya lau. Waɗanga kuwa akwai masu shan hura, akwai waɗanda ba su taɓa ta, amma takunsu guda da na mamaci. Abin da ya haɗa su ba ƙwarya ta ba. Ga shi can." Ya nuna ramin. Sa'an nan ya kai Uban Ƙasa kusurwar gabas, ya nuna gwiwoyin da tururuwan, Baba Mu'azu ya yi bayanin ɗanɗano.

 Zayyanu ne ya fara magana, da salati.

"Ashe haka abin shike! Wallahi an cuce mu. Gishiri anka ce min, gishiri na ɗauka. Da na sani, in bar ɗan'uwana shi kai shi baki? Ranka shi daɗe, ƙaddara ta. A saki baiwar Allah, mu roƙa ma Sale gafara."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Magana mai daɗi ce, kuma ta sauke wa kowa nauyi.

"Madalla," in ji Attahiru. "Zayyanu, ɗauko muna gwangwanin gishirin daga ɗakin ajiya, Uban Ƙasa shi gani."

Zayyanu ya ajiye mafici ya tafi. Daga sikeli zuwa ɗakin ajiya hanya miƙaƙƙiya ce, ta bakin rami ta bi. Kowane ma'aikaci ta nan yake wucewa. Zayyanu kuwa da ya doshi ramin sai ƙafarsa ta karkata da kanta, ya yi baka mai faɗi ta bayan igiyoyin shanya, inda fatun ba sa ɗiga, ya tattare bakin rigarsa. Da zai komo ya riƙo gwangwanin da tsumma, nesa da jikinsa, ya sake bin bakan nan.

"Tsaya nan," in ji Attahiru. "Jama'a, ku dubi ƙasa."

A kan sabuwar sharar ga ƙusoshin takalmi sun zana rabin da'ira. Attahiru ya taka zuwa inda tsintsiya ba ta kai ba, ya nuna tsohuwar hanyar da takalmin ya riga ya daddaɓe, a daidai wurin.

"Tun da anka gina ramin ga, takalmin ga bai taɓa zuwa bakinai ba. Na bi sawu tun ina yaro. Jaki na kewaye rijiyar da ya taɓa zamewa, ɓarawo na kewaye gidan da ya san da kare. Ban taɓa ganin mutum ya kewaye gishiri ba."

"Takalmin nika tsoron ya jiƙe," in ji Zayyanu. 

Baba Mu'azu ya dogara sandarsa har bakin ramin. Ya fito da ludayi daga aljihu, ya kamfato ruwan, ya taho da shi a hankali don kada ya zube.

"To cire takalmin, ɗan Isa bajemi. Ubanka bai taɓa sa yaransa cikin ruwan da bai kai ga harshenai ba. Ɗanɗana muna, mu ji ko ya yi."

Zayyanu ya ja da baya har ya ture sikeli. Ludayin ya biyo shi. Ya kare bakinsa da hannun riga, ya durƙushe.

Abin da ya faɗa daga nan ba shi da daɗin ji. Baturen fata ya gaya masa tun ranar farko, ta bakin tafinta, cewa abin guba ne, suna kiransa asinik. Ya ce kada ya taɓa jiki, a tsoma fata da doguwar ƙugiya, a wanke hannu kafin a ci abinci. Amma aiki da ƙugiya jinkiri ne da shi, kuma Zayyanu ya san majema, in suka ji kalmar guba babu mai kusantar ramin, kamfani kuwa sai ya nemi wani wakili. Sai ya kankare hoton ƙoƙon kan da ke jikin gwangwani, ya raɗa wa abin suna gishiri. Ya sha ganin Sale a durƙushe. Ya san abin da yake yi, don shi ma a bakin kwatarniya ya girma. A makon nan ƙwaro ya yi yawa, ya ce a ninka maganin.

"Kuma ka bari a kai wagga Sakkwato," in ji Uban Ƙasa.



Guba halittar Allah ce, tana da amfaninta, kuma ba ta taɓa ce wa kowa ita gishiri ce ba. Mutum ne ya faɗa. Wanda ya sa ɗan'uwansa aiki da abin da shi yake kewayewa, ya kuma ɓoye masa sunansa, ba shi da bambanci da wanda ya zuba masa a ƙwarya, sai dai shi ya fi rashin kunya.

Majema ba su jira hukunci ba. Baba Mu'azu ya ɗaga sanda ya ce daga yau babu bajemin Wurno da zai sa ƙafa ko hannu a ramin nan, kuma babu harshen da zai sake taɓa ruwan da ba na bagaruwa ba. In kamfani yana son fatar jar akuya, ya kawo ƙugiya da sabulu, ya kira abin da sunansa. In ba haka ba ya je ya nemi irinta a wata ƙasa, in zai samu. Maza suka amsa da murya ɗaya. Uban Ƙasa ya ce zai kai maganar gaban Joji, Baturen mulki, da bakinsa.

Aka kira maƙeri ya cire marin daga ƙafar Zinariya. Bai ma ajiye shi ba, aka nuna masa ƙafar da za ta gaje shi, ta Zayyanu.

Zinariya ta miƙe, ta murza idon sawunta, ta gyara ɗaurin zane. Uban Ƙasa ya ce a ba ta jaki da ɗan rakiya, a fitar da ita ta bayan gari zuwa Rabah, ta huta cikin danginta har abin ya wuce.

"Ranka shi daɗe, na gode," in ji ta. "Amma ba ni na ka jin kunya ba, balle a bi da ni ta baya. Ta kasuwa anka kawo ni, ta kasuwa zan koma. Kuma Rabah sai da salla. Gobe akwai hura."

Ta juya ta fuskanci taron. Mutanen da suka yi mata ature suka dare gida biyu, babu wanda ya iya ɗaga ido. Ta ratsa ta tsakiyarsu ba ta yi sauri ba. Da ta zo daidai da Lauwali a kan jakinsa ta tsaya.

"Kai kuma, mai gudun tsiya, ka aiko a karɓa ma nono. Ba ni son in rasa masu zagina biyu cikin wata guda."

Ta wuce. Attahiru ya sunkuya bisa al'adarsa ya dubi abin da ta bari a kan sharar. Diddige ya zauna, tafi ya cika, yatsu biyar sun kama ƙasa. Ya bi sawun da ido har ya shige ƙofar gari.